Babi na Bakwai: Fijo Mai Ƙofa Biyu

A ƙarshen watan Maris na 1978 wata Fijo 504 ta shigo Nairobi, babban birnin Kenya, gabanta a lotse, jikinta duk taɓo. Ana dab da kammala tseren ne ta yi karo da wata mota da ba ta cikin gasar, amma direbanta, Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas, bai tsaya ba. Haka ya lallaɓa ta har ya ƙetare layin ƙarshe, shi da mai karanta masa hanya Jean-Claude Lefèbvre, suka lashe gasar Safari ta wannan shekara. Ta biyu Porsche 911 ce a hannun Vic Preston ƙarami, ɗan Kenya. Ta uku Datsun. Ta huɗu ma Porsche ce, kuma Björn Waldegård ne ke tuƙa ta, wanda shi ya ci gasar a shekarar da ta gabata. Kamfanin Porsche ya zo da shiri mai yawa da kuɗi masu yawa don ya ɗauki kofin, ya koma Jamus ba tare da shi ba. Abin dariyar shi ne, wata biyu kafin nan Nicolas ɗin nan da Porsche 911 ya ci gasar Monte Carlo a cikin dusar ƙanƙarar Turai.

Duk wanda ya girma a Karofi ko Kurfi ko Dutsin-Ma kafin shekara ta 2000, in aka ce masa Fijo 504 ba ya neman ƙarin bayani. Ita ce motar tasha, ita ce motar ciyaman da ta sakatare, ita ake yi wa kwalliya a ɗauko amarya, kuma a cikinta ake kwantar da marar lafiya a nufi asibitin Katsina da tsakar dare. Sai dai wadda ta ci gasar 1978 ba irin tamu ba ce. Sunansu ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ita ƙofa biyu gare ta, gajeriya ce, mai kwantaccen rufi, kuma abin da ke ƙarƙashin bonet ɗinta silinda shida ne. Masu ita suna kiranta 504 Coupé V6. Ba a taɓa haɗa irinta a Kaduna ba, shi ya sa direban da ya shekara talatin yana jan 504 zai iya rantsewa babu 504 mai ƙofa biyu sai a-kori-kura.

An fara nuna 504 mai ƙofa huɗu a Faransa a watan Satumba na 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. A watan Maris na 1969 ɗin, a bikin baje kolin motoci na Janeba, sai ga ƙannenta biyu: mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe, da mai ƙofa biyu da rufin tamfol da ake naɗewa. Kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda ya zana yawancin motocin Ferrari na wancan zamani, shi ya zana su, kuma shi ke ƙera bodinsu a Turin, sannan a kai su Sochaux, cibiyar Peugeot a gabashin Faransa, a ɗora musu inji da ƙafafu. An rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya daga mita 2.74 zuwa mita 2.55. In ka ajiye ta kusa da 504 ta gida, da wuya ka sami fallen ƙarfe ɗaya na bodi da za a cire daga wannan a sa wa waccan. Amma in ka shiga ƙarƙashinta da fitila, nan za ka ga dangantakar.

Da farko injin silinda huɗu aka sa mata, irin na yayarta, masu saye suka yi ta ƙorafin cewa kyan jikin ya fi ƙarfin injin. A 1974 sai aka ba ta sabon inji mai silinda shida, lita 2.7, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa kuɗi suka ƙera a garin Douvrin. Ƙarfin doki 136 yake bayarwa, motar kuma tana kaiwa kusan kilomita 186 a awa. A 1977 aka cire kafireto aka sa injekta, ƙarfin ya hau zuwa doki 144. Amma ta fito a mummunan lokaci. Rikicin man fetur na 1973 ya sa Turawa suna lissafin kowace lita, injin nan kuwa mashayi ne. Ciniki bai yi kyau ba. Mai rufin tamfol da silinda shida ba a ƙera ko 1,000 ba aka dakatar da ita a 1977, mai rufin ƙarfe kuma ta ja har 1983. Duk masu rufin ƙarfen, manya da ƙananan inji, ba su kai 30,000 ba, alhali 504 gaba ɗaya ta haura miliyan uku. Rashin kasuwar jiya shi ya sa yau masu tara tsofaffin motoci ke rububinta.

A gaskiya, in gudu tsagwaronsa ake magana, ba wata abin a-zo-a-gani ba ce. Porsche 911 ta wancan lokaci za ta bar ta a baya tun kafin ta sa giya ta uku. Ko da injiniyoyin Peugeot suka gyara injin don tsere ya haura doki 200, motar ta yi nauyi, ba ta da zafin nama a kwana. A kan kwaltar Turai ba ta ci wata babbar gasa ba. To, me ya sa ta yi nasara a Afirka?

Sai an san yadda gasar Safari take kafin a gane. An fara ta a 1953, a lokacin bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, kuma a shekarun 1970 tafiya ce ta kusan kilomita 5,000 cikin kwana biyar, dare da rana, a lokacin bikin Ista, wato daidai faɗuwar damina a Gabashin Afirka. Ba a rufe hanya. Mai tsere yana tafe zai ci karo da babbar mota, da motar haya, da garken shanu, da kogin da ya cika ya shafe gada. In an yi ruwa, baƙar ƙasar wurin takan riƙe mota har ƙofa. In ba a yi ba, ƙura ta hana ka ganin wanda ke gabanka. Kowane zango akwai lokacin da aka yanka masa, duk mintin da ka makara a rubuta maka, wanda ya tara mafi ƙarancin makara shi ne zakara. A irin wannan gasa, wanda ya yi gudun 180 na awa guda sannan ya yi awa biyu a gindin bishiya yana canza shokazoba, wanda ke tafe da 120 bai tsaya ba zai wuce shi yana ɗaga masa hannu.

Peugeot ta daɗe da gane wannan. Fijo 404, wadda dattawanmu suka sani da a-kori-kurarta mai rumfar tamfol, ta ci Safari sau huɗu: 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1963 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe, 404 ɗin Nick Nowicki ce a gaba. Amma nasarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta 1975. A shekarar kamfanin Lancia ya zo da Stratos, motar da tun daga takarda don tsere aka zana ta, injin Ferrari a bayan direba, kujera biyu, wadda ba a ƙera fiye da kimanin 500 ba, kuma ita ke riƙe da kambun duniya. Sandro Munari da Waldegård ne direbobinta. Suka zo na biyu da na uku. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Ove Andersson ɗan Suwidin, da Arne Hertz, a cikin 504 mai ƙofa huɗu da silinda huɗu, mai siffa ɗaya da wadda ake lodi a tashar Dutsin-Ma. A shekarar nan dai Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko da 504, Bernard Consten kuma ya ci ta Bandama a Kwaddibuwa da ita. Manyan gasannin Afirka uku, mota iri ɗaya. Wanda ya karanta wa Mikkola hanya a Maroko shi ne Jean Todt, wanda daga baya ya shugabanci Ferrari, ya kuma riƙe hukumar tseren motoci ta duniya daga 2009 zuwa 2021. Shi kuwa Andersson, shi ya kafa ƙungiyar tseren Toyota a Turai, kamfanin da ya zo ya ƙwace wa Fijo hanyoyin Afirka.

Sirrin yana ƙarƙashin motar, kuma duk tsohon bakanike ya san shi ko da bai taɓa jin sunan Safari ba. Tayoyin baya ke jan ta. Farfelarta ba a fili take ba, tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ya haɗe giyabos da aksul ɗin baya, saboda haka dutse ko kututture ba ya samunta, kuma ƙarfin turawa ta cikin bututun yake bi maimakon ya riƙa jijjiga bodi. Sifirin ɗinta dogaye ne masu laushi, taya tana da wurin da za ta nutse ta taso ba tare da ta bugi bodi ba. Peugeot da kanta take ƙera shokazobarta, ba ta saye a waje. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa. Wanda ya taɓa bin hanyar burji mai gargada ya san cewa a wasu motocin sai haƙoranka sun yi ta karo, amma 504 in ta ɗauki gudu sai ta riƙa shawagi a kan gargadar kamar raƙumi a rairayi. Injin kuma mai sauƙin kai ne: kafireto, filogi huɗu, lagireto babba, ba abin da yaron gareji da sifana ba zai iya ba. Mai ƙofa biyun ta gaji duk wannan, aka ƙara mata ƙarfin da zai fitar da ita daga taɓo ya kuma ba ta gudu a miƙaƙƙiyar hanya.

Ba nan take ta fara ci ba. Timo Mäkinen ɗan Finlan ya ci Bandama da ita a 1976, amma Safari ta ƙi ta: Mitsubishi ce ta ɗauka a 1976 a hannun Joginder Singh, Ford kuma a 1977. Sai 1978 abin ya zauna, kuma a shekarar Nicolas ya ƙara da Bandama, Mäkinen na biye da shi a mota iri ɗaya. Bandama ba wasa ba ce. A 1972 motoci 45 suka tashi, ba ko ɗaya da ta kai ƙarshe, aka tashi ba zakara.

Akwai wani tseren da ya fi waɗannan kusa da mu, ko da yake ba a cika ba da labarinsa a nan ba. A watan Mayu na 1974, saboda gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da za a yi a Jamus, aka shirya tseren motoci daga Landan zuwa Munik, amma ba ta gajeriyar hanya ba. Za a bi ta Faransa da Sifen, a ƙetara Maroko, a shiga Aljeriya, a ratsa Sahara ta Tamanrasset, a bi ta Nijar a sauka Kano, sannan a juya a sake ratsa hamadar a koma Turai. Wato birnin Dabo ne ƙarshen kudancin tafiyar, kuma hanyar da suka biyo kusan ita ce ta ayarin Azbinawa da fataken da. A Aljeriya aka sami matsala: bayan an rubuta takardar jagora sai aka ƙara tsawon wata kwalta, alamar da aka ce a juya a kanta ta ɓace, yawancin motocin suka ɓata cikin rairayi a tsakiyar bazara. Har Stirling Moss, gwarzon tseren Ingila, a can ya bar Marsandinsa. Motoci 19 aka lissafa sun kai Munik, amma biyar kaɗai suka bi hanyar gaba ɗayanta. Citroën ɗin wasu 'yan Ostireliya uku ce ta zo ta ɗaya. Ta biyu da ta uku da ta huɗu duk 504 ne. Kuma ta biyu mata ne a ciki, Christine Dacremont da Yveline Vanoni. Ta huɗu ma mata ne, Claudine Trautmann da Marie-Odile Desvignes. Mai ƙungiyar da ta shigo da waɗannan 504 ɗin uku, Bob Neyret, likitan haƙori ne, kamfanin man goge baki ne ya ɗauki nauyinsu, shi kuma ya zo na uku a tsakanin matan. A tashoshinmu har yau akwai masu cewa doguwar tafiya ba ta mace ba ce.

Shekara guda bayan wannan, a 1975, masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a zamanin Janar Yakubu Gowon. Abubuwa da dama sun taru sun share mata fage. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, saboda haka motar Faransa mai sitiyari a hagu ta dace da titi. Kuɗin mai sun shigo, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata neman mota. Tashar jiragen ruwa ta Legas kuwa ta cushe, har ta kai ga kamfanin jiragen sama na UTA yana kwaso kayan haɗa motar daga Lyon ya sauke a filin jirgin sama na Kano, manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar gwamnati tun daga sama har ƙasa. Kafin a daina haɗa ta a wajen 2006, Kaduna ta fitar da 504 fiye da 400,000. A Faransa kuwa tun 1983 aka daina ƙera mai ƙofa huɗun.

A wancan lokaci Katsina ba jiha ba ce, sai 1987 aka yanke ta daga Kaduna. Duk malamin makarantar da ke bin ƙarin girma, duk ɗalibin da ke neman tallafin karatu, duk dattijon da ke bin fansho, daga Karofi ko Kurfi sai ya fito ya nemi motar Kaduna ta Funtua da Zariya. Motar da zai hau wagon ce, mai layin kujeru uku. Mutum bakwai har da direba aka ƙera ta ta ɗauka. Ɗan kamasho kuwa biyu yake sawa a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, ga buhun gero a but an ɗaure ƙofar da igiya, wani lokaci har da akuya. Ita wagon ɗin an ƙara mata tsawo zuwa mita 2.90 tsakanin tayoyi, aka ba ta miƙaƙƙen aksul a baya da sifirin huɗu, bibbiyu kowane gefe. A ganina gwajin da direbobinmu suka yi wa 504 ya fi na Safari tsanani. Motar Nicolas kwana biyar ta yi, makanikai suna jiranta a kowane zango da sababbin tayoyi da sababbin kaya. Wagon ɗin tasha shekara ashirin take yi da lodi fiye da ƙima, da man bumburutu, da baƙin man da ya wuce lokacin juyewa, kuma gobe da asuba a murɗa makulli ta tashi. 'Yan fito na kan iyakar Jibiya da Maraɗi ma ba don kyanta suka riƙe ta ba.

Kada a ɗauka ba ta da aibu. Mai take sha sosai in aka gwada ta da motocin da suka biyo baya. Tsatsa na cin gindin ƙofofinta. Babu jakar iska, bel ɗin ma ba wanda ke ɗaurawa, kuma laushin nan da ke sa direba bai jin hanya shi ke ruɗinsa ya taka totur har ƙasa da mutum goma a ciki da tayoyin da suka suɗe. Gidaje da yawa a ƙasar Katsina suna da wanda suka rasa a cikin wagon a hanyar Funtua ko ta Kano. Da mai ya yi tsada, motocin Kwatano suka cika kasuwa, sai Golf da Sharon suka karɓe tasha, gwamnati kuma ta koma Toyota da Honda. An sayar da masana'antar Kakuri ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012.

Yanzu dubi inda dangin biyu suka ƙare. Mai ƙofa biyun tana cikin gareji mai ɗumi a Faransa da Jamus da Holan, ana shafe ta da ƙyalle, ana fito da ita ranar Lahadi in rana ta fito. Akwai ƙungiyoyin masu ita, akwai masu ƙera mata kayan gyaran da suka ƙare a kasuwa, kuma gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux yana adana motocin tseren kamfanin. Mai rufin tamfol da silinda shida, in ta fito gwanjo da takardunta cikakku, kuɗinta ya fi na sabuwar mota ta talaka nesa ba kusa ba. Mafi tsadar 504 da aka ji labari kuwa ba ma mai ƙofa biyu ba ce. Farar mai ƙofa huɗu ce ƙirar 1977 ta shugaban Iran na wancan lokaci, Mahmud Ahmadinejad, wadda aka yi gwanjonta a 2011 aka ba da rahoton ta kai kusan dala miliyan biyu da rabi, kuɗin kuma don gina wa naƙasassu da mabuƙata gidaje. A nan ba ƙarfen aka saya ba, tarihin wanda ya hau ta aka saya.

Wannan shi ne abin da masu tara motoci ke biya: ƙarancin abu, da labarin da ke tare da shi, da shaidar cewa labarin gaskiya ne. Tamu 504 tana da labari, ƙarancin kuma yana tafe da sauri fiye da yadda ake zato. Kowace rana 'yan gwangwan suna bin garejoji da bayan gidaje, a ɗora gawar mota a sikeli a biya da kilo, a sare ta da gatari a loda a tirela zuwa kamfanin narka ƙarfe. Abin da ya tsira daga inji da giyabos ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Daga cikin dubban ɗaruruwan da Kakuri ta fitar, mai lafiyayyen bodi da injinta na asali da takardar sayenta ta farko ta riga ta zama abin nema. Gidan tarihi na Legas ya ajiye Marsandin da aka harbe Murtala a ciki, kuma mutane na zuwa kallonta. Gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina ya kamata ya samu 504 wagon guda ɗaya ƙirar Kaduna, da lambarta ta tsohuwar jihar Kaduna, da fentin ƙungiyar direbobi a jikinta, a kuma ɗauki muryar tsofaffin direbobin Dutsin-Ma da Kurfi da suka ja ta tun suna da rai. Sashen injiniya na kowace makarantar kimiyya da fasaha a jihar ma zai amfana da guda ɗaya da ɗalibai za su kwance su ɗaure.

Kai kuma mai karatu, in akwai wadda mahaifinka ya bari a ƙarƙashin darbejiya, kada ka yi saurin kiran mai sikeli. Ka ɗaga ta a kan bulo, ka juye mata mai da ruwa, ka rufe ta daga damina, ka nemo takardunta ka adana.